Yadda Ake Renon Furen Tiyare da Haɗa Man Monoyi

Tiyare ƙaramin itace ne na tsibiran kudancin tekun Fasifik. Ganyensa kore ne shar mai sheƙi, furensa fari, ƙamshinsa kuwa ya fi tashi da yamma. Masana tsirrai suna kiransa Gardenia taitensis, sunan da masanin nan ɗan ƙasar Suwizalan, de Candolle, ya raɗa masa a 1830. Idan aka ƙyale shi yakan kai tsawon mita 4, amma masu nomansa ba sa bari ya wuce inda hannu zai kai. Furen falle ɗaya ne, mai kunnuwa 5 zuwa 9 da suka baje a zagaye. Shi ne furen ƙasa na Polinesiyar Faransa da na tsibiran Kuk, shi ne kuma tambarin da ke jelar jiragen kamfanin Air Tahiti Nui.

Duk da cewa sunan taitensis yana nufin ɗan Tahiti, babban tsibirin Polinesiyar Faransa, asalinsa ba can ba ne. Mahaifarsa tana can yamma, wajen Vanuatu da Fiji da Tonga da Samoa, inda yake fitowa da kansa a gaɓar teku, bisa duwatsun murjani. Mutanen da suka ratsa teku a kwale-kwale tun zamanin da, su ne suka kai shi tsibiran gabas. Wannan tarihin yana da amfani ga mai son shuka shi. Itacen da ya saba da ƙasa mai tsakuwa, wadda ruwan sama ke ratsawa ya wuce nan take, ba zai yarda da kwantaccen ruwa ba. A ganina yawancin asarar da ake yi a harkar tiyare daga ruwa take zuwa: ko ya kwanta a gindin itacen, ko ya shiga kwalbar monoyi, man shafawar da ake haɗawa da furensa. Wanda ya kiyaye waɗannan biyu, sauran aikin mai sauƙi ne.

Tiyare ba baƙo ba ne ƙwarai a wurinmu. Ɗan'uwan gauɗe ne, wannan da mata ke haɗa katambiri da 'ya'yansa, duk jinsinsu ɗaya, dangin itacen kofi. Har akwai wani ɗan gidan da masana suka sa wa sunan Sakkwato, Gardenia sokotensis. Sai dai gauɗe ɗan daji ne da ya saba da fari da gobara, tiyare kuwa ɗan bakin teku ne mai son iska mai laima.

Tabbatar da abin da ka saya

Kafin komai, duba furen da idonka. Abin da masu sayar da furanni a duniya suka fi kira gardeniya wani iri ne daban, Gardenia jasminoides, ɗan asalin ƙasar Sin da maƙwabtanta, wanda nau'insa na lambu ke da fure mai ninki-ninki. Shi wannan ƙasa mai tsami yake so, kuma da an ba shi ruwan rijiya mai kanwa-kanwa sai ganyensa ya koma ruwan ɗorawa. Tiyare ba haka yake ba, yana jure ƙasa mai alli, yana kuma jure iskar gishiri. Idan ka bi ƙa'idar renon wancan a kan wannan, wahala za ka sha a banza. In mai sayarwa ba shi da fure a jikin itacen, gara ka jira ya yi fure kafin ka biya.

Samun dashe daga reshe

A Tahiti da wuya tiyare ya yi 'ya'ya, saboda haka ba a dogara da iri. Daga reshe ake samun sabon itace, kuma hanyar da masu lambu suka fi amincewa da ita ita ce a sa reshen ya fitar da saiwa tun yana jikin uwarsa. Ta fi cin lokaci, amma da wuya ta ba ka kunya, kuma dashen yakan yi saurin fara fure tunda reshen ya riga ya balaga.

Ka zaɓi reshe lafiyayye mai kaurin ƙaramin yatsa, wanda ya fara ƙwari amma bai tsufa ba. Ka auna kamar santimita 25 zuwa 30 daga kansa, ka nemo gaɓa, wato inda ganye ke fitowa. Ƙasa da gaɓar kaɗan ka zagaya ɓawon da reza mai tsabta, ka sake zagayawa santimita 2 a ƙasa da yankan farko, sannan ka ɓare zoben ɓawon da ke tsakani. A nan ne mutane da yawa ke yin sakaci: bayan an ɓare, akwai wani santsi mai yauƙi a jikin itacen, dole a kankare shi da bayan reza har wurin ya bushe. In aka bar shi, ɓawon zai sake haɗewa, reshen ya warke abinsa, saiwa ko ɗaya ba za ta fito ba. Dalilin yin zoben shi ne abincin da ganye ke haɗawa ta cikin ɓawo yake saukowa. Idan ya iske hanya a yanke sai ya taru a bakin yankan sama, daga nan saiwa ke tsirowa. Ruwa kuwa ta cikin itacen yake hawa, shi ya sa reshen ba ya yaushi.

Sai ka jiƙa zaren ɓawon kwakwa, ko dusar katako wadda ta kwana biyu ta ruɓe, ka matse da hannu sosai har ruwa ya daina ɗiga. Ka dunƙula cikin tafi guda a kan raunin, ka naɗe da farar leda, ka ɗaure sama da ƙasa da zare tam. Ka ƙara rufe ledar da takarda ko tsumma, don saiwa ba ta son haske kuma rana na iya dafa ta a cikin leda. Daga nan sai haƙuri. Cikin wata biyu zuwa uku, in ka ɗaga takardar za ka hango fararen saiwoyi sun manne da leda. Kada ka yi gaggawar yankewa da ganin na farko. Bari su yawaita, su fara yin ruwan ƙasa-ƙasa. Sannan ka yanke reshen ƙasa da ƙullin, ka kwance ledar a hankali ba tare da ka wargaza dunƙulen ba, ka rage rabin ganyen, ka dasa a ƙaramar tukunya. Ya zauna a inuwa mako biyu zuwa uku kafin a fara nuna masa rana da kaɗan-kaɗan.

Wanda aka ba shi ɗan reshe kawai yana iya gwada hanya ta biyu. A yanka tsawon santimita 12 zuwa 15, a cire ganyen ƙasa, a datse na sama rabi-rabi, a tsoma gindin a garin sa saiwa in akwai, a kafa a yashi mai ɗan taki, a kifa leda a kai, a ajiye a inuwa mai haske. A kafa da yawa, domin ba duka ke kamawa ba.

Ƙasa, rana da ruwa

Haɗin ƙasa: kashi 2 na ƙasar lambu da ruɓaɓɓen taki, kashi 1 na yashi mai tsakuwa, da ɗan dintsin dakakken ɓawon ƙwai ko ƙwanson dodon koɗi. Taki ya zama wanda ya huce. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi. In a tukunya ne, ta kai faɗin santimita 30 zuwa 40, da huji da yawa a gindi, kuma a ɗora ta kan bulo don ruwa ya samu mafita. In a ƙasa ne, a haƙa rami mai zurfin rabin mita, a bar tazarar mita ɗaya da rabi zuwa 2 tsakanin itace da itace. Ga gwaji mai sauƙi kafin dashe: cika ramin da ruwa, ka tafi harkarka. In ka dawo bayan 'yan sa'o'i ka tarar da ruwa a tsaye, wurin bai dace ba. Ko ka canza wuri, ko ka yi tudu ka dasa a kai.

Tiyare yana son rana, kuma yawan furensa gwargwadon ranar da ya samu ne. A tsibiransa rana yake sha wuni guda, amma can iskar teku na sanyaya shi. A wuri mai busasshen zafi irin bazarar ƙasar Hausa, a ba shi ranar safe zuwa hantsi, ya samu inuwa daga azahar. Hunturu ma abin lura ne, ba don sanyi kaɗai ba, don bushewar iska, wadda ke sa toho ya kaɗe tun bai buɗe ba. A irin wannan lokaci a matsar da tukunyar bayan katanga inda iska ba ta buga ta kai tsaye, a rufe gindin da busasshen ganye, a riƙa fesa wa ganyen ruwa da safe. Inda sanyi ke kaiwa ga daskarar da ruwa kuwa ba ya rayuwa a waje ko kaɗan.

Ban ruwa ba da kalanda ake yin sa ba, da yatsa ake yi. Tura yatsa cikin ƙasar zuwa gaɓa ta biyu. In ka ji danshi, ƙyale shi. In ta bushe, ba shi ruwa sosai har ya fito ta gindin tukunya, sannan ka bar shi sai ta sake shan iska. Ganyen ƙasa da ke yin ɗorawa yana zubewa alhali ƙasar a jiƙe take, alamar ruwa ya yi yawa ce, kuma ƙarin ruwa a wannan hali ƙarasa itacen yake yi. In kuwa sabon ganye ne ya koɗe amma jijiyoyinsa suka tsaya kore, ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, sai a nemi takin ruwa mai ɗauke da shi.

Taki kaɗan-kaɗan, wata-wata a lokacin da yake girma. Takin da ya cika sinadarin sa ganye, irin yuriya, zai ba ka itace kore shar ba fure. Aski kuma bayan ya gama zubar da fure mai yawa ake yi: a datse kawunan rassa, domin fure daga ƙarshen reshe yake fitowa, kuma duk reshen da aka datse yakan rabu biyu ko uku.

Ƙwarin da suka fi damunsa su ne wani farin ƙwaro mai kama da ɓurɓushin auduga da ke maƙalewa a hammatar ganye, da masu ɓawo da ke manne wa reshe, da darɓa. Dukkansu suna fitar da ruwa mai zaƙi wanda baƙin ƙura-ƙura ke bi ya rufe ganye. In ka ga tururuwa na hawa da sauka, ɗaga ganye ka duba, suna nan. Ƙaramin cokali na sabulun ruwa da ƙaramin cokali na man darbejiya a lita 1 ta ruwa, a fesa da yamma sama da ƙasan ganye, a maimaita bayan mako. Amma itacen da za a ɗebi furensa don man shafawa, kada a kusance shi da maganin ƙwari mai guba. Awaki kuma a yi musu shinge.

Tsinkar toho da kwalliya

Masu gonar tiyare a Tahiti da sassafe suke tsinka, kuma toho suke ɗiba, ba buɗaɗɗen fure ba. Tohon da ya isa shi ne wanda ya yi fari, ya kumbura, yana shirin warwarewa a ranar. Wanda har yanzu kore ne ba zai buɗe ba in an tsinke shi. Wanda ya riga ya buɗe kuwa ya fara sakin ƙamshinsa a iska, kuma ba da jimawa ba zai koma ruwan ɗorawa. A tsinka da ɗan gindinsa, a jera a ɗanyen ganye, a naɗe, a ajiye a wuri mai sanyi. Kada a yawaita taɓa farin, duk inda yatsa ya murza yakan yi tabo.

A can tsibiran maza da mata duka suna saƙala shi a kunne: maza galibi toho, mata buɗaɗɗe. Kunnen hagu na nuna mutum yana da aure ko an yi masa kamu, na dama kuma yana nufin ƙofa a buɗe take. Baƙo ya kula da wannan kafin ya jawo wa kansa magana. Ana kuma shirya shi a zare a yi abin wuya ko rawanin kai da suke kira hei, wanda ake rataya wa baƙo ranar da ya sauka, ake kuma sayarwa a kasuwar Papeete, babban birnin da ke Tahiti. A bikin Heiva na watan Yuli masu rawa kan fito da irin wannan ado. Yin sa ba wuya: doguwar allura, zare mai ƙwari, a soka ta gindin kowane toho a fito ta bakinsa, a matsa su kusa da juna. Don ƙamshin ɗaki kuwa, fure uku ko huɗu a faffaɗan kwano mai ruwa sun isa.

Haɗa man monoyi

Monoyi man kwakwa ne da aka jiƙa tiyare a ciki. A ranar 1 ga Afrilu 1992 gwamnatin Faransa ta fitar da dokar da ta kare sunansa, ta kuma shimfiɗa ƙa'ida: kwakwar ta fito daga ƙasar murjani ta Polinesiyar Faransa, furen a tsinke shi yana toho a yi aiki da shi kafin ya wuce kwana guda, a sa aƙalla toho 10 a kowace lita ta tataccen mai, a bar shi aƙalla kwana 10. Yawancin busasshiyar kwakwar daga tsibiran Tuamotu ake kawo ta, a matse ta a masana'antar mai da ke Papeete. Abin da za ka haɗa a gida ba zai ci wancan suna ba a hukumance, amma hanyar ɗaya ce.

Ka tanadi lita 1 ta man kwakwa. Tatacce marar ƙamshi ya fi barin furen ya fito; ɗanyen man da ba a tace ba ƙamshin kwakwarsa kan danne na fure. Ka tanadi kwalbar gilashi mai faɗin baki, ka wanke ta da ruwan zafi, ka kife ta a rana har ta bushe ƙayau. Ɗigon ruwa guda a ciki ya isa ya fara ɓata aikin.

Tohon da ka tsinko, kada ka wanke shi. Ka baza shi a tsabtataccen ƙyalle a inuwa na 'yan sa'o'i, raɓa ta bushe, ya ɗan yi laushi. Ka cire koren gindin da tsinken da ke tsakiyar furen, ka bar farin kaɗai. Ka zuba a kwalba, ka kwarara mai har ya shanye kansu gaba ɗaya. Duk wanda ya leƙo sama shi zai fara yin fumfuna. Ka rufe, ka ajiye a wuri mai ɗumi amma ba cikin tsakar rana ba, ka riƙa juya kwalbar a hankali sau ɗaya a wuni.

A nan ina da ra'ayin da ya ɗan saɓa wa ƙa'idar masana'anta. Su suna da kayan tacewa da na gwaji, mai aikin gida ba shi da su. Ɗanyen fure ruwa ne a jikinsa, in ya daɗe a mai yakan yi baƙi ya saki ruwan. Saboda haka ya fi aminci ka tsame furen duk bayan kwana biyu da busasshen cokali, ka zuba sabo, ka yi ta maimaitawa har kwana 10 ko mako biyu. Ƙamshin ma ya fi kama man ta haka. Idan itacenka bai ba da fure da yawa ba, rage man zuwa kwata ɗin lita. Gara kaɗan mai ƙamshi da kwalba cike da man kwakwa zalla.

In lokaci ya cika, ka tace da ƙyalle mai laushi ninki biyu, kada ka matse furen. Ka bar man ya kwanta kwana guda. Duk wani gurɓatacce da ɗigon ruwa zai sauka ƙasa, sai ka tsiyaye na sama a busasshiyar kwalba mai duhu, ka bar na gindin. Ana huda ƙwayar bitamin E biyu ko uku a matse a ciki don jinkirta lalacewa. In ka ji ya fara warin tsami, zubar da shi. Da sanyi ya sauka ƙasa da maki 24 a ma'aunin Selshiyas zai daskare ya yi fari kamar man kaɗanya. Ba lalacewa ba ce, sa kwalbar a ruwan ɗumi zai narke.

Tsofaffin mata a tsibiran suna da tasu hanyar, wadda ta girmi masana'anta. Su goge ƙosasshiyar kwakwa, su cakuɗa da furen a akushin katako, su shanya a rana kwanaki suna juyawa, su rufe da dare, har man ya tsattsafo da kansa. Wasu kan murje cikin wata 'yar ƙaguwa mai fakewa a ƙwanson dodon koɗi su zuba, don ya hanzarta rabuwar man. Wannan monoyin ya fi ƙarfin wari, kuma ba kowane hanci ke karɓarsa ba.

Wajen magani

Masu maganin gargajiya na Tahiti sun daɗe suna aiki da tiyare. Don ciwon kai da bugun rana, ana murje fure a ruwan sanyi a jiƙa ƙyalle a ɗora a goshi. Don cizon sauro da ƙaiƙayi da bushewar fata, monoyi ake shafawa. Da shi ake yin tausar da suke kira taurumi, da shi ake shafe gashi bayan wankan teku. Suna kuma amfani da furen a kan ciwon kunne da hazbiya. A Tonga ana jiƙa ɓawon itacen a ɗiga wa wanda ake ganin iskokai sun taɓa shi. A cikin sinadaran da ke ba furen ƙamshi akwai wani ɗan'uwan asfirin, irin wanda ake sa wa man zafi.

Shawarata ita ce a tsaya a kan fata. Ƙyallen goshi da shafawa da tausa ba su da wata illa ga yawancin mutane, amma a fara gwada ɗan kaɗan a cikin gwiwar hannu, a jira kwana guda. In wurin ya yi ja ko ya yi ƙaiƙayi, a haƙura. Wanda asfirin ba ya karɓarsa ya yi taka-tsantsan, jariri sabon haihuwa kuma a tambayi ma'aikacin lafiya tukuna. Ido da kunne ban yarda a ɗiga musu abin da aka haɗa a gida ba, musamman kunnen da ke fitar da ruwa, domin mai yiwuwa dodon kunnen ya huje. Ciwon kan da ya zo da zazzaɓi na asibiti ne, a je a yi gwaji. Monoyi kuma ba ya tare zafin rana daga ƙona fata, ko da yake masu yawon shaƙatawa a bakin teku sun ɗauka yana yi.

Wanda zai sayi na kanti ya juya kwalbar ya karanta. Na ainihi yana ɗauke da hatimin Monoï de Tahiti tare da adadin kason da ke ciki, kuma a jerin kayan haɗi za a ga Cocos nucifera, wato kwakwa, da sunan furen. Kamfanin Tiki na Tahiti, wanda ke wannan sana'a tun 1942, yakan bar fure guda a cikin kwalba. Yawancin na kasuwa an ƙara musu turare, shi ya sa ƙamshinsu ya fi na gida ƙarfi nesa ba kusa ba. Mai fata mai saurin ƙaiƙayi ya nemi wanda ba a ƙara wa komai ba.